Doki Biyu, Soja Ɗaya

A shekarun da muke makarantar kwana, ƙidaya kawai muka sani a wasan ches: soja maki 1, doki da bishof uku-uku, ruk 5, sarauniya 9. Duk wanda ya fi maki sai ya fara taƙama tun ba a tashi ba. Malaminmu na lissafi, Allah Ya jiƙansa, shi ya raba mu da wannan ɗabi'a. Bayan la'asar yakan shimfiɗa allonsa a baranda, ya kwashe 'ya'yan duka, ya bar uku ko huɗu.

"Kai yaro, ga dawaki biyu, ni sarki kaɗai gare ni. Bismillah, kama ni."

Har aka kira magariba ba wanda ya kama shi. Dawaki biyu maki 6 ne, amma ba sa iya tilasta wa sarki mutuwa muddin mai shi ya buɗe ido. Da ka matse shi a kusurwa sai ya rasa gidan takawa alhali ba a kai masa hari ba, wasa ya tashi canjaras. Ruk guda kuwa, mai maki 5, ya isa. Bishof biyu sun isa. Bishof da doki ma sun isa, sai dai aikin na iya cin taku 33, ga doka tana jira: taku 50 ba ci, ba motsin soja, an tashi. Ko a 2013 Anna Ushenina, tana riƙe da kambin duniya na mata, ta kasa kammala wannan kisa a Janeba.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na soja ɗaya. Malam yakan ɗora yatsa a kan sarkina, ya ce, "Shi ke gaba, soja na biye." Sarakuna biyu su yi ido da ido, gida ɗaya a tsakaninsu, wanda taku ya faɗo kansa shi zai kauce. A kan wannan kaucewa kaɗai soja ke zama sarauniya ko ya mutu a hanya. In kuwa sojan bakin allo ne, sarkin abokin karawa ya riga ka shiga kusurwa, to haƙura za ka yi. Ko da bishof a hannunka, in launin gidansa ya saɓa da na kusurwar, bai tsinana maka komai ba. Na ga babban ɗalibi ya yi zuru a gaban wannan, maki 4 a hannunsa, hawaye na neman zubo masa.

Daga nan ya kai mu ga tsaron Philidor, Bafaranshen ƙarni na 18, inda mai ruk ke hana mai ruk da soja cin wasa.

Yau kwamfuta ta warware duk wani zama mai 'ya'ya bakwai zuwa ƙasa, har da waɗanda nasararsu ke buƙatar taku fiye da 500. Ina jin daɗin hakan ƙwarai. Amma 'ya'yana waya suke tambaya, ta ba su amsa nan take, kafin gari ya waye sun manta. Mu kam Malam ba ya faɗa sai mun yi mako muna fama, muna gardama a layin abinci, muna zana allo a bayan littafin lissafi. Shi ya sa nake son zaunar da su in kwashe 'ya'yan allon, in bar musu sarki da soja, in karɓe wayar sai sun gano da kansu.