Kan Dutsen da Na Ƙi Karɓa

A hutun bara na sauka Yamai wurin yayana, ɗan wan babana. A falonsa na tarar da kawuna uku na dutse jere bisa kanta, kowane da doguwar fuska da ƙananan idanu. Ya ce tsofaffin kaya ne, sannu-sannu yake tara su, wani dillali ke kawo masa daga yamma. Da ya ga na ƙura wa ɗaya ido, sai ya ce, "Mushe, ɗauki wannan ka nuna wa ɗalibanka."

Gaskiya raina ya biya. Shekara 18 ina koyar da tarihi da alli da allo kawai. Na ɗauke shi, na ji sanyinsa a tafin hannu, na ce, "Yaya, a wane gari aka tono shi?" Ya yi dariya ya ce, "Wa ya sani?"

Amsar nan ce ta sanyaya mini jiki, don na tuna Bura, can jihar Tilaberi. A 1975 aka gano tsohuwar maƙabartar wurin, a 1983 marigayi Bube Gado ya jagoranci haƙarta. Tuluna ya samu kife bisa kaburbura, wasu da kawunan mutane na yumɓu. Da aka nuna kayan a Faransa a 1993, masu tara kayan tarihi suka yi ca, aka shiga tone kaburburan yankin ana sayarwa. Mai bincike yana rubuta zurfin ramin da abin da ke kusa da kan, daga nan ake gane zamaninsa da masu shi. Mai tono don kuɗi kan kawai yake cirewa, ya watsar da sauran. Kuma ba ya tono sai ya san akwai mai saye.

Da na kai shi aji, yaro na farko zai tambaye ni, "Mushe, wane ne wannan?" Me zan ce masa?

Na mayar da shi bisa kanta, na roƙi Yaya ya kai su gidan tarihi na Bubu Hama, inda masana za su duba su. Ransa ya ɗan ɓaci, ya ce kuɗinsa ya sa. Har yau suna falonsa. Amma kwanan baya matarsa ta gaya mini dillalin ya sake zuwa da na huɗu, Yaya ya ce ya koma da abinsa.