Maƙerin Gida Ko Na Ƙetare: Cinikin Jirgin Yayana

A Ingila akwai mutanen da ba su da gida a doron ƙasa, kuma ba a titi suke kwana ba. A cikin jirgin ruwa suke zaune, nan suke girki, nan suke barci, nan suke karɓar baƙi. Jiragen nasu ba sa shiga teku. Suna bin wasu hanyoyin ruwa ne da aka haƙa da hannu tun ƙarni na 18, waɗanda ake kira kanal. Kanal ɗin Bridgewater, wanda aka buɗe a 1761 don kai kwal birnin Mancesta, shi ya share fage, sauran suka biyo baya. Da jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace dakon kaya sai hanyoyin suka yi sanyi, har masu yawon shaƙatawa da masu gudun tsadar haya suka sake raya su. A yau ƙungiyar Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragama a 2012, tana kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyi, wato kimanin kilomita 3,200, da jirage sama da 30,000.

Mai karatu zai ce ina ruwan 'yar rediyo da ke Yamai da jiragen Ingila. Gado ne ya haɗa mu. Yayana ma'aikacin jinya ne a Bamingam, shekararsa 11 can, kuma haya ta cinye masa kusan duk abin da ya kamata a ce ya tara. Sai ya yanke shawarar sa a ƙera masa jirgin da zai zauna a ciki. Sabon jirgi gamamme yakan haura fam 100,000, abin da ya zarce sefa miliyan 70. Yana da ɗan ajiya, zai kuma ci bashin wani kaso, amma kuɗin kafin alƙalami sun gagara. Shi ne ya nemi a sayar da rabonsa na filin da mahaifinmu ya bar mana a Maraɗi. Filin ba ya sayuwa sai da yardar Inna, ita kuwa ta ɗora mini nauyin. Ta ce, "Ke da kike yini kina yi wa mutane tambaya, ki tambaye shi. In kin gamsu na gamsu."

Tayi biyu ne a gabansa. Na farko daga wani kamfani da ke ƙera jiragen a Polan, a kawo su Ingila a sayar ta hannun dillali. Na biyu daga wani ƙaramin maƙeri a tsakiyar Ingila, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga inda Yaya yake. Na Polan ya fi sauƙin kuɗi, ya fi saurin gamawa, hotunansa kuma sun fi ɗaukar ido. Na gida ya fi tsada, kuma sai an bi layi na watanni kafin a fara yankan ƙarfe.

Sai da na fara fahimtar jirgin kansa. Siriri ne, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, wato mita 2 da ɗan ɗoriya, tsawonsa kuma bai wuce ƙafa 72 ba. Dalilin sirantarsa shi ne ƙofofin ruwa. Inda ƙasa ta yi tudu, an gina wani ɗaki mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ruwa ya ɗaga shi, ko a zubar ya sauke shi. Da yawa daga cikin waɗannan ɗakuna faɗinsu ƙafa 7 ne kacal. Idan maƙeri ya yi sakaci gangar jirgin ta ƙaru da inci ɗaya ko biyu, wata rana za ta maƙale tsakanin bango biyu. Tsawo ma da lissafinsa: mai son bin kusan dukkan hanyoyin ƙasar yakan tsaya a wajen ƙafa 57, domin wasu ƙofofin arewacin Ingila gajeru ne. Kaurin ƙarfen da aka saba shi ne milimita 10 a gindi, 6 a gefe, 4 a rufi. Duk shekara biyu ko uku sai an fitar da jirgin a shafe gangarsa da baƙin fenti mai kama da kwalta saboda tsatsa, duk shekara huɗu kuma sai an sabunta takardar shaidar lafiyarsa.

Abokan Yaya sun rabu biyu. Wasu suka ce sana'ar ta Ingila ce, baƙo ba zai iya ta ba. Wannan magana ba ta zauna mini ba. Polan ba baƙuwar walda ba ce. Tashar ƙera jirage ta Gdansk ta daɗe tana fitar da manyan jiragen teku, a can ne ma ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta tashi a 1980. Ƙasar da ta ƙera jirgin da ke ratsa teku, siririn jirgin da gudunsa bai wuce mil 4 a awa ba ba zai gagare ta ba. Shi kansa na gidan ba duka ne na gida ba. Injinan da kamfanin Beta Marine na Ingila ke sa wa irin waɗannan jirage asalinsu na Kubota ne, daga Japan. Na'urorin ɗumama ɗaki da dama daga Jamus suke zuwa. Mu nan ma haka abin yake: katakon da ake sassaƙa jiragenmu na kogin Kwara daga ƙasashen kudu ake kawo shi, injin da ke bayansu kuma sau da yawa Yamaha ne.

Wasu kuma suka ce ai araha ta gama magana. Su ma lissafinsu bai cika ba. Jirgin ƙafa 57 yakan kai tan 15 ko fiye. Sai an ɗora shi a tirela, an ƙetare ruwa da shi, an ɗauko injin ɗaga kaya ya sauke shi a kanal. Tun 1 ga Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kayan da suka fito daga Polan sai sun bi ta duwan da takardunsu. Idan kuma da kuɗin waje aka yanka farashi, duk motsin da fam ya yi kafin a gama biya, a aljihun mai saye zai sauka. Da muka zauna muka jera waɗannan ta waya, ratar da ke tsakanin tayin biyu ta ragu sosai, ko da yake na ƙetare bai daina zama mai sauƙi ba.

Abin da ya buɗe mini ido ya zo ne daga wajen aiki. Na shirya wani shiri kan sufurin kogi, na tattauna da wani dattijo matuƙin jirgi daga Gaya. Bayan an kashe makirfo na tambaye shi: in zai sa a yi masa sabon jirgi, wa zai ba, masassaƙan garinsu ko na ƙasar Yawuri da ake yabon aikinsu? Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, duk wanda zan iya shimfiɗa tabarmata kusa da shi. Katako mai ɓara, in aka shafe shi da kwalta, ko mai shi ba ya gane shi. Sai ranar da ruwa ya gane shi."

Na kai wa Yaya wannan magana, ya ce haka yake a jirgin ƙarfe, har ma ya fi. Abubuwan da ke yanke wa jirgi tsawon rai duk a ɓoye suke ranar da aka miƙa makulli. Ɗinkin walda yana ƙarƙashin fenti. Tubalan daidaita nauyi suna ƙarƙashin daɓe. Kumfar da ake fesa wa ƙarfe daga ciki don kada sanyin hunturu ya sa bango zufa tana bayan katako, tare da wayoyin lantarki da bututun gas. Inda aka yi rowar kumfar, ruwa zai riƙa taruwa shekara da shekaru, tsatsa na ci daga ciki, ɗakin kuwa yana ta ƙyalli. Hoto yana nuna kabad da labule. Waɗancan kuwa sai wanda ya je lokacin da jirgin yake tsirara, ko ya aika ƙwararre mai zaman kansa ya duba masa a kowane mataki. Ma'aikacin jinya mai aikin dare zai iya tafiyar awa ɗaya ranar hutunsa. Zuwa Polan sau biyar ko shida kuwa, ga kuɗin jirgin sama ga neman izinin aiki, ya fi ƙarfinsa.

Kada a ɗauka kusanci shi kaɗai ya isa. Ana biyan kuɗin ƙira ne kashi-kashi: kafin alƙalami, sai in an gama ganga, sai in an sa inji, har zuwa ƙarshe. Ƙananan maƙera kan durƙushe, kuma wani da Yaya ya sani ya taɓa faɗawa wannan rami a wajen wani maƙeri na gida. Ya biya kaso biyu, aka wayi gari an rufe wurin, gangar jirginsa ta shiga cikin kayan da masu bin bashi ke rabo, domin babu takardar da ta nuna tasa ce. Maganin wannan a rubuce yake: yarjejeniyar ta fayyace cewa duk abin da aka biya kuɗinsa ya zama mallakar mai saye nan take, a buga lambar jirgin a jikin ƙarfen, a sa inshora tun yana kan ƙira, kuma kada kuɗi su riga aiki. Wanda ya tsallake wannan, ko maƙerin maƙwabcinsa ne, bai tsira ba.

Haka kuma na ƙetare ba lallai ya zama kasada ba. Wata abokiyar aikin Yaya tana zaune a jirgin Polan shekaru da dama, kuma ba ta da ƙorafi. Aikin katakon cikinsa ya yi kyau, tunda masana'anta ce mai maimaita ƙira ɗaya har hannu ya faɗa. Ita dai da dillalin Ingila ta ƙulla ciniki, a ƙarƙashin dokar Ingila, ta ga irin jirgin da idonta ta shiga cikinsa kafin ta biya. Da famfon ruwanta ya lalace a cikin wa'adin garanti, mota ta shiga ta je ofishinsu. Da a ce kai tsaye ta aika kuɗi waje, da ƙorafinta ya zama na wasiƙa da tafinta da lauyan wata ƙasa.

Saura maganar tsari. Masana'anta tana da zane uku ko huɗu, ka zaɓi ɗaya. Yayana dogo ne, kuma har yau bai saba da cin abinci a kan teburi ba. Yana son a cire kujerun da ake kafewa a bango a bar masa fili ya shimfiɗa darduma, a faɗaɗa madafa yadda babbar tukunya za ta zauna, a tsawaita gado. Dillali ya ce kowane canji da kuɗinsa, wasu ma ba za su yiwu ba. Maƙerin gida ya ɗauko alli ya zana masa ɗakunan a ƙasan shagonsa, ya ce ya kwanta ya gwada.

A ƙarshe ga abin da na gaya wa Inna. Na ce Yaya ya zaɓi maƙerin gida, amma ba gamammen jirgi zai saya ba. Za a yi masa ganga da inji da tagogi da kumfar bango, ƙwararru su ja masa gas da lantarki, sauran aikin katako ya riƙa yi a hankali da abin da ya samu. Hakan ya sauko da kuɗin ƙasa da tayin Polan, ya kuma rage bashin. Na ce na karanta yarjejeniyar da kaina, na ga sharaɗin mallaka, na ga sunan ƙwararren da zai duba aikin sau uku kafin a saki kowane kaso. Na kuma gaya mata abin da ba ta so ji ba: fili a Maraɗi daraja yake ƙarawa, jirgi kuwa kullum cin kuɗin gyara yake, ga kuɗin lasisi, kuma wanda bai da matsaya ta dindindin dole ya matsa gaba duk kwana 14.

Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "Shi mai ƙirar, in abu ya ɓaci, yayanki ya san ƙofar gidansa?" Na ce ya sani, har shayi ya sha a can. Ta ce to a kira dillalin fili.

An sayar da rabon Yaya, an tura kuɗin. A watan jiya ya aiko mana da hoton faranti na farko na ƙarfen gindi, shimfiɗe a ƙasa, an rubuta lambar jirgin a kai da farin alli. Ya ce ranar Asabar zai koma ya ga waldar gefe kafin a shafa mata fenti. Inna ta sa na faɗaɗa mata hoton a waya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in gaya masa ya tafi da tocila, ya leƙa har ƙarƙashi.