Furen Kuka a Hanyar Kiyawa

Na daɗe ina sha'awar magnoliya, bishiyar ƙasashen sanyi mai manyan fararen furanni, amma zafin Dutse ba zai bar ta ba.

Ran nan da farkon damina ina dawowa daga Kiyawa da magariba, babur ya yi faci a gindin wata kuka. Na ɗaga kai, sai ga furanni farare fat, kowanne ya kai tafin hannu, suna reto. Da duhu ya yi jemagu suka zo shan zaƙinsu. Na biyo washegari, duk sun yi yaushi. Shekara arba'in ina shan miyar kuka ban taɓa lura ba!

Na shuka ɗaya bayan gida. Kukar da ake yawan tsige wa ganye ba ta cika yin fure ba, ga uwargida kuwa ta riga ta sa mata ido.