Ranar da fitila ta kunyata ni gaban aji

Bara ƙanena ya kawo mini wani ɗan allo daga Yamai, ana ce masa Arduino Uno, girmansa bai kai tafin hannu ba. Na yi wa yaran ajina na CM2 alkawari: a danna maɓalli, fitila ta kama.

Da ranar ta zo, kafin kowa ya taɓa maɓallin, fitilar ta shiga ƙyaftawa. Duk wanda ya kawo hannu kusa da wayar, sai ta kama ko ta mutu. Wani yaro ya ce aljani ne. Wata yarinya ta tambaye ni: "Mushe, me ya sa?" Shekara ashirin ina riƙe da alli, amma na rasa amsa. Na ce mata ban sani ba, sai gobe.

Da dare na zauna na bincika. Allon yana da ƙafafu 14 waɗanda ba a yanke musu aiki ba tun daga masana'anta. Mai rubuta umarni ne ke gaya wa kowace ƙafa ko ta ba da wuta ko ta saurara. Mai bayarwa tana fitar da volt 5 ko sifiri, kuma ba a so a ja fiye da miliampa 20 daga gare ta. Shi ya sa ake sa wa fitila rezistans, ba a kuma haɗa moto da ƙafar kai tsaye, don tana iya ƙonewa.

Mai saurare kuwa tana duba wutar da ke kanta, ta ce 1 ko 0. Nan na yi kuskure. Idan ba a danna maɓallin ba, ƙafar tawa ba ta haɗe da komai, don haka ɗan cajin da ke jikin mutum ma ya isa ya ruɗe ta. Maganin kalma ɗaya ce cikin umarnin, INPUT_PULLUP. Ita ke kunna wani rezistans na ciki da ke riƙe ƙafar a volt 5, har sai maɓallin ya haɗa ta da sifiri.

Washegari na fara da yarinyar. Na maimaita kuskuren da gangan, na gyara a gabansu, ita ta danna, fitila ta kama.

Malamai ƴan uwana, da na yi shiru ko na ƙirƙiro amsa, da yaron nan ya koma gida da aljaninsa.