Ɗan Wa Ake Yi Wa Kuka A Rediyo?



Ni malamar Islamiyya ce a garin Yelwa ta ƙasar Yawuri. Ranar Alhamis, 17 ga watan Yunin 2021, muna tsaka da hidimar gida labari ya iso cewa 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a ƙaramar hukumar Ngaski, sun kwashe ɗalibai da malamai. A makon nan duk tashar da kika murɗa, sunan garinmu za ki ji. Har na ce a raina, tunda duniya ta ji, ai an kusa.

Ashe da sauran aiki. An sako wasu a watan Oktoba, wasu kuma a Janairun 2022, aka bar 'yan mata 11 a daji. Daga nan sai labarin ya yi sanyi. Iyaye suka yi ta sayar da kadarori suna neman taimakon jama'a, 'yan jarida kuwa hankalinsu ya koma kan siyasar zaɓe. Sai a watannin Afrilu da Mayun 2023 yaran suka dawo, bayan kusan shekara biyu, wasunsu da goyo.

Ki gwada wannan da Chibok a 2014. 'Yan mata 276 aka sace, kuka ya kai Amurka, har matar shugaban ƙasarsu Michelle Obama ta ɗaga kwali. Wallahi ba na baƙin ciki da gatan da suka samu, sun cancanci fiye da haka. Amma a Tegina ta jihar Neja, a ƙarshen watan Mayun 2021, an kwashe yaran Islamiyya masu yawa, ƙanana irin waɗanda nake koya wa baƙi da wasali. Sun yi kusan wata uku a daji, ba duka ne suka dawo da rai ba. Mutum nawa ne suka riƙe wannan labari?

Akwai ma waɗanda ba su taɓa shiga labarai ba. Wata baiwar Allah daga wani ƙauyen Shanga ta kawo min 'yarta makaranta bayan sun yi gudun hijira. Ta ce an ɗauke mata ɗa namiji a hanyar gona. Na tambaye ta ko an sanar a rediyo, sai ta ce, "Malama, wa ya san mu?"

Abin da na fahimta shi ne, ɗan jarida yana bin yawan adadi, da sunan makaranta, da inda mota ke iya zuwa, da iyayen da ke jin Turanci. Yaro ɗaya daga ƙauyen bakin ruwan Kainji ba ya cika masa shafi. Ita kuwa gwamnati, inda ake surutu nan take fara dubawa. Shi ya sa shirun nan ke da haɗari.

To 'yar uwa, mene ne namu? Annabi Yakubu (AS) bai daina ambaton Yusuf ba duk da tsawon shekaru. Idan yaro ya ɓata a unguwarku, a kai rahoto ga 'yan sanda da mai unguwa a ranar, a sanar a masallaci. Ki ajiye sabon hoton kowane ɗanki. Idan ana shirin da masu sauraro ke bugo waya, ki kira ki tambayi inda aka kwana kan yaran da suka rage. Ki ziyarci uwar da kowa ya daina zuwa wurinta. Yarinyar da ta dawo kuma, a rufa mata asiri, kada a yaɗa hotonta, kada a riƙa nuna ta a gidan biki.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya dawo da waɗanda ke hannu lafiya, amin.