Matashi da matashinsa

A rubuce, kalmar "matashi" guda ce. A baki kuwa biyu ce. Idan aka saukar da karin sauti a gaɓar tsakiya, ana nufin saurayi, jam'insa matasa. Idan gaɓoɓin uku duka suka ɗauki karin sama, ana nufin abin da ake tada kai da shi ko a zauna a kai, jam'insa matasai. Ɗalibin ilimin harsuna ya san wannan bambanci tun shekararsa ta farko, amma ba ya sanin darajar matashi na biyu sai ranar da ya dawo daga ƙauye da muryoyin tsofaffi, ya zauna juyar da su zuwa rubutu.

Aiki ne mai cin lokaci. Hirar awa guda takan cinye yini, domin kowace gaɓa sai an saurare ta sau da dama kafin a tabbatar da tsawon wasalinta da karin sautinta. A tsawon wannan zama, akasarin nauyin gangar jiki yana kan ƙasusuwa biyu da ke ƙarƙashin ƙugu. Bisa bencin katako, naman da ke tsakanin ƙashi da itace yana matsuwa, jini ya rage gudu. Sai mutum ya zame gaba don neman sauƙi, ƙugu ya karkata baya, gadon baya ya lanƙwashe. Daga nan hankali ya rabu biyu, kunnen da ke farautar karin sauti ya koma sauraren ciwo, kuskure ya shiga kundi.

Mutane da yawa sun ɗauka laushi ne magani. Ba haka ba ne. Soso mai laushi ƙwarai yana lotsewa har ƙashi ya taɓo katako. Matashin kirki shi ne mai ɗan tauri, wanda ke rarraba nauyi zuwa cinyoyi. Shi ya sa masu ƙera shi sukan sa bayansa ya fi gabansa tudu, don ƙugu ya ɗan ɗara gwiwa, sannan su yanke gurbi a baya domin ɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya ya tsira daga dannuwa.

Sai kuma batun zafi. Soson nan mai riƙe siffar jiki, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1966 a ƙarƙashin hukumar NASA, yana tara ɗumi, kuma yana ƙara saki idan ya ji shi. Abin da ya dace da ofis mai sanyi ba lallai ya dace da ɗakin ɗalibi a Maraɗi ko Tawa cikin watan Afrilu ba. A nan audugar rimi, wadda ake cusa wa matasai tun kaka da kakanni, tana da abin cewa: ba ta da nauyi, idan ta kwanta kuma a farke ɗinki a ƙara. Tela na unguwa zai iya ɗinka ta da tudu a baya da gurbinta, cikin yadin auduga mai shan iska.

Duk da haka, babu matashin da ke maye gurbin tashi. Ba banza kalmomin biyu suka yi tarayya da wannan aikatau a saiwa ba. Ɗalibin da ke miƙewa bayan kowane rabin awa, ya taka kaɗan, yakan koma kujera da sabon kunne, ya kuma kai kundinsa gaban malamai da bayansa lafiya.