Yadda muka auna firamaren unguwarmu kafin mu yanke hukunci a kanta

A unguwarmu idan aka ce makarantar firamare kaza tana da kyau, abin da ake nufi yawanci shi ne an yi mata fenti, an zagaye ta da katanga, kuma yaranta suna iya gaishe da mutum da Turanci. Idan kuwa za a ce ba ta da kyau, ba a ma neman dalili, ya isa a ce ta gwamnati ce. Sunan "L.E.A." da iyayenmu suke ambata da alfahari, yau ya koma abin da yara ke tsokanar juna da shi a layi. Alhali da yawa daga cikin likitoci da alƙalai da malaman jami'a da muke tinƙaho da su, a irin waɗannan azuzuwa suka fara koyon baƙi da wasali, musamman waɗanda suka shiga a zamanin shirin UPE da aka ƙaddamar a 1976.

Ban zo in wanke makarantun gwamnati ba, don ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Abin da nake so mu duba, mu ɗalibai da muke da ƙanne a firamare, shi ne: da me ake auna makaranta?

Tambayar ta shigo gidanmu ne a dogon hutun da ya wuce. Autarmu ta gama aji uku a firamaren gwamnati ta unguwarmu. Umma ta dage sai an mayar da ita wata makarantar kuɗi da aka buɗe a bayan layinmu, inda 'ya'yan maƙwabta suke zuwa da safa fara da kwandon abinci. Baba tela ne, kuma kuɗin zango ɗaya a can, idan aka haɗa da littattafai da yunifom, ya haura kuɗin buhun masara. Sau uku za a biya a shekara. Da gardama ta yi tsawo sai ya dube ni, da yake ina shekara ta biyu a kwalejin ilimi, ya ce, "Kai ne malamin gidan. Je ka dubo mana. Idan yarinyar nan ɓata lokaci take yi, ko keken ɗinki ɗaya ne sai in sayar." Na ce, "To Baba, ku ba ni mako biyu bayan an koma."

Hujjar da Baba ya riƙe ita ce katin sakamako: ta zo ta huɗu a ajinsu. Sai dai wannan lamba ba ta faɗa wa mutum komai face cewa yara uku sun fi ta maki, sauran kuma ta fi su. Idan duk ajin ba a iya karatu ba, dole dai wani ya zo na ɗaya. Malamin da ya koyar shi ne ya fitar da tambayoyi, shi ne ya duba, shi ne ya rubuta "ta yi ƙoƙari" a ƙasan kati. A makarantar kuɗi kuwa akwai ƙarin wata matsala: uban yaro shi ne mai ciniki, kuma da wuya mai shago ya ce wa mai ciniki kayansa ba su da kyau. Shi ya sa za ka ga kati cike da tamanin da casa'in, yaro kuwa ba ya iya karanta sunan maganin da aka aike shi sayowa.

Akwai wata dabara da muka ji labarinta a kwaleji. A Indiya, wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara wani bincike da ake kira ASER tun 2005. 'Yan sa-kai suna bin ƙauyuka gida-gida, su miƙa wa yaro takarda guda a harshensa. A jikinta akwai baƙaƙe, sai kalmomi, sai 'yan jimloli, sai gajeren labari daidai da karatun ɗan aji biyu. Inda yaro ya tsaya, nan ne matsayinsa, ko da kuwa a aji shida yake. Bankin Duniya ma da makamancin wannan yake auna ƙasashe: shin yaro ɗan shekara 10 yana iya karanta gajeren labari ya fahimce shi?

Na samu kwali na rubuta tawa da Hausa. Baƙaƙe goma a warwatse, ba a jere ba, don yaranmu sun haddace jerin kamar waƙa. Kalmomi irin su gida, tulu, ƙosai, ɓera, tsintsiya. Sai labarin wata akuya da ta shiga gonar maƙwabci, wanda ni na ƙirƙira a daren, don in tabbatar babu wanda ya taɓa jin sa. A bayan kwalin na sa lissafin ɗebewa mai aro, irin su 52 a cire 27, da rabawa guda biyu.

Auta ta karanta labarin. Ta yi ta tsayawa, ta yi tuntuɓe a kan "tsintsiya", ta koma baya sau biyu. Amma da na kife kwalin na tambaye ta dalilin da ya sa mai gona bai daki akuyar ba, ta ba ni amsa daidai, har ta ƙara da cewa ita da za ta ɗaure ta sai an biya. Ɗebewa ta yi, rabawa ta gagare ta.

Daga nan na tara yaran layinmu a zaure, na sayi alewa. Biyu daga makarantar kuɗin suke. Ɗayan ya burge ni ƙwarai, ya karanta Hausar da Turancin duka. Ɗayan, ɗan aji huɗu, ya zubo mini jihohi 36 da manyan biranensu ba tare da numfashi ba, ya karanta wani sakin layi na Turanci da murya mai daɗi, amma da na ce ya faɗa mini da Hausa abin da ya karanta sai ya yi shiru yana kallon silin. Cikin 'yan ajin Auta da suka zo kuwa, wasu sun kai ga labari, wasu sun tsaya a kalmomi, akwai kuma yarinya guda da ba ta wuce baƙaƙe ba bayan shekara uku tana zuwa makaranta kullum da safe. Wannan yarinyar ta fi tsaya mini a rai.

Dalili shi ne ɗan gaban aji ba ya nuna ingancin makaranta. Idan ka bincika, sau da yawa za ka tarar uwarsa malama ce, ko yana da yayye masu duba masa littafi, ko ana biya masa darasin yamma. Irinsa ko a gindin bishiya aka ajiye shi zai iya. Ita ma Auta, wa ya san nawa ne na makaranta a karatunta, nawa ne na gidan da ke da yayye huɗu 'yan boko? Wanda zai faɗa maka gaskiyar makaranta shi ne yaron da ke zaune a tsakiya ko a baya, wanda babu mai boko ko ɗaya a gidansu. Duk abin da ya iya, a ajin nan ya samo shi.

Bayan an koma hutu na je makarantar sau uku, ban sanar da ranar zuwana ba. Na fara da ofishin hedimasta, na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni daga kwalejin ilimi, ƙanwata tana nan, ina so in ga yadda ake koyarwa." Ya ce in shiga duk ajin da na ga dama. Wannan kaɗai ma alama ce. Shugaban da ya bar baƙo ya zaga shi kaɗai, yana da abin da bai ji kunyar a gani ba.

Lokacin da ya fi dacewa a leƙa makaranta shi ne bayan an dawo daga tara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Da sassafe kowa yana nan, ana layi, ana taken ƙasa. Bayan tara ne ake gane ajin da ke da malami da wanda aka bar wa monita da bulala yana rubuta sunan masu surutu. A zuwana na farko na tarar da azuzuwa biyu a hannun monita. A na biyu ɗaya. A aji ɗaya kuwa, yara a ƙasa suke zaune gwiwa da gwiwa har bakin allo, na fara ƙirga su na bari. A takarda, tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajin da na gani ya ninka haka fiye da sau biyu, kuma malamar ba ta da hanyar da za ta bi ta kai ga na baya ko da ta so.

Abu mafi sauƙi da kowa zai iya yi, ko bai taka makarantar ba, shi ne buɗe jakar yaro. A duba littafin rubutunsa. Yaushe ne rabon da jan biro ya taɓa shi? Idan ya taɓa, gyara aka yi ko kuwa alamar daidai kawai aka zana a kan kuskure? A littafin Hausa na Auta na aji uku na ga gyara kusan kowane mako, har da inda malamar ta zagaye "k" ta rubuta "ƙ" a samansa. A littafin lissafi kuwa, tun tsakiyar zango na biyu babu wanda ya duba. Ka ga inda rabawar nan ta maƙale.

Na nemi malamar da ta koyar da su Hausa a aji uku na zauna a bayan ajinta. Dattijuwa ce, muryarta ba ta da ƙarfi. Ba ta ce "ku maimaita" su yi ta rerawa ba. Takan rubuta gaɓa a allo, ba, bi, bu, ta kira yaro daga can ƙurya ya zo ya nuna, sannan ta goge ta sauya jerin. Ta raba ajin gida uku a ranta, ta san waɗanda ke kan baƙaƙe da waɗanda suka fara haɗa kalma. Irin wannan koyarwa da harshen gida ita ce shirye-shirye kamar Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara suka yi ta horar da malamai a kai, bisa hujjar cewa yaron da ya iya karatu a harshen da yake mafarki da shi, ya fi saurin ɗaukar na Turanci daga baya. Iyaye da yawa suna ganin koyarwa da Hausa koma-baya ce. Ni dai abin da na gani a zaurenmu bai goyi bayansu ba.

Maganar malamai tana da ɗaci. Takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma ita nake nema yanzu, amma na san ba ta isa shaida ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su samu kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi watsi da yadda aka gudanar da jarrabawar, har ta shiga yajin aiki. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, jarrabawar rana ɗaya ba ta nuna wanda zai shiga aji ranar Laraba da rana tsaka, ko wanda zai lura cewa wata yarinya a baya ba ta ganin allo.

Shi kuwa fenti, yana da asalinsa. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, kuma kaso mai tsoka daga ciki tallafi ne na gine-gine da jihohi ke karɓa idan sun ajiye nasu kason. Gini ana ganin sa, ana ɗaukar hotonsa, ana yanke kintinkiri. Babu wanda ke yanke kintinkiri don 'yan aji biyu sun iya haɗa gaɓa. Ba ina raina gini ba ne. Rufin da ke zuba yana tashin aji duk damina, kuma rashin banɗaki mai ƙofa yana cikin abubuwan da ke korar 'yan mata idan sun fara tasawa. A nan Umma tana da gaskiya: banɗakin makarantar Auta ba wurin shiga ba ne, kuma famfon ya daɗe da lalacewa.

Sai sakamakon jarrabawar shiga sakandare, wanda makarantu ke liƙawa a bango. Kafin ka yaba, tambayi yara nawa ne suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce, nawa ne suka kai aji shida, kuma nawa aka zaɓa aka yi wa rajistar jarrabawar. Makarantar da ta tsame gwanaye goma ta tura, za ta iya cewa kowa ya ci.

Na leƙa makarantar kuɗin ita ma. Akwai benci ga kowa, aji bai cika ba, banɗaki a share. Malamai biyu da na zanta da su ba su daɗe da gama sakandare ba, kuma mai makarantar bai yarda in zauna a aji ba, ya ce sai dai in duba ta taga.

Na kawo wa Baba rahoto da kwalina a hannu. Aka tsaya a kan Auta ta ci gaba da zama inda take wannan shekarar. Daga kuɗin da za a kashe, aka saya mata littattafan labarai na Hausa da na lissafi, ni kuma aka ɗora mini rabawa duk ƙarshen mako. Umma ta yarda da sharaɗi ɗaya: a ƙarshen zango na biyu in sake rubuta sabon kwali mai wuya fiye da na farko, a gabanta za a yi, idan babu ci gaba to maganarta ce za a bi.

Wani abu kuma da hedimasta ya faɗa mini a zuwana na ƙarshe: dattijuwar malamar nan saura mata shekara guda ta yi ritaya, kuma ba a turo wadda za ta gaje ta ba tukuna. Baba, wanda bai taɓa halartar taron kwamitin kula da makaranta na SBMC ba, ya sa na tambayo masa ranar zama na gaba.